Hasashen sanyi a New York: inda yake gaskiya da inda yake kuskure

'Yan'uwa na gida, mutanenmu na Bronx a birnin New York har yau suna maganar daren 26 ga Janairu, 2015. An yi shelar cewa dusar ƙanƙara za ta kai ƙafa biyu ko fiye. Gwamnan jihar New York na lokacin, Cuomo, ya tsayar da jiragen ƙarƙashin ƙasa da ƙarfe 11 na dare, aka hana motoci hawa titi, 'yan tasi suka kwana ba ko sisi. A ƙarshe, inci 9.8 kawai aka auna a Central Park, babban lambun da ke cikin birnin. Guguwar ta karkata gabas, Boston ce ta sha wajen ƙafa biyu.

Ba sakaci ba ne. Inci ɗaya na ruwan sama yakan zama kamar inci goma in ya sauka a dusa, don haka ƙaramin kuskure sai ya ninka goma. In ma'auni yana kusa da 32 a Fahrenheit, wato sifili a lissafinmu, digiri ɗaya ne ke raba dusa da ruwan da ke daskarewa a kan kwalta, kuma wannan ne ke kifar da motoci. Abin haushin shi ne wayar hannu: lamba ɗaya take nuna maka, ta sauya sau uku kafin la'asar. Hasashen da ya wuce mako guda, kada ka gina tafiya a kansa.

Tsananin sanyin kuwa masu hasashe sun fi dacewa da shi. In aka ce zai sauka ƙasa da 20 a Fahrenheit, a bar famfo yana ɗiga da dare don kada bututu ya fashe, a buɗe ƙofar kabad ɗin ƙasan wurin wanke-wanke. A duba lambar da ta haɗa da iska, ita ce jiki ke ji.

Abin da ya burge ni, bayan waccan guguwar ta 2015, wani babban jami'in hasashe ya fito Twitter ya nemi gafarar jama'a. Mu kuwa a gida NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, kan yi gargaɗin hazo ko ambaliya, sai a ce wa ya san gobe sai Allah, a ci gaba da harka. Allah ne masani, amma ai an ce a ɗaure raƙumi. Hunturun Kano da ɗumamen safe sun fi min wannan sanyi sau dubu, sai dai kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutane a can, kamar yadda hita mai lantarki ta haddasa gobarar da ta ci rai 17 a Bronx a Janairun 2022.