Kafin ka biya kuɗin mol na buga fallen ƙarfe

Toh masu shirin sayen mol na injin fires, wato ƙarfen da ake ɗorawa a injin matsa falle don ya huda, ya yanka ko ya lanƙwasa shi, ni dai ra'ayina ba ɓoyayye ba ne, in kayanka ƙanana ne kuma da yawa za ka riƙa fitarwa, mol ɗin da ake kira furogiresib, mai aiki mataki-mataki, shi ne magana. Naɗin ƙarfe ke shiga ta gefe ɗaya, duk bugu ɗaya ya gusa gaba, nan a huda, gaba a lanƙwasa, can ƙarshe a yanke, kaya na zubowa a kammale ba mai sa hannu a tsakani, yatsun yaran aiki ma sun huta. Tsada kam akwai ta, saitinsa kuma sai mai haƙuri, amma da ya zauna shikenan sai dai ka yi ta kwasa.

Shi kuwa mol ɗin da ake kira kamfawun bugu ɗaya yake hudawa ya yanke, ya dace da abu shimfiɗaɗɗe irin wosha, iyakarsa kenan. Mol ɗin tiransfa, mai ɗauke kaya daga wannan mataki zuwa wancan, na manyan kaya ne kamar sassan bodin mota. Mai aiki ɗaya-ɗaya kuwa arha ne, amma kuɗin lebura zai cinye arhar.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfen da aka yi mol ɗin da shi. Ka nemi ƙarfen da ake kira D2, wanda Japanawa ke da kwatankwacinsa SKD11, kuromiyam ɗinsa wajen kashi 12 cikin 100, in an gasa shi yadda ya kamata taurinsa na kaiwa 58 zuwa 62 a ma'aunin tauri na HRC. Ƙarfen A2 ya fi shi jure duka amma ya fi saurin cinyewa. Kabaid, wani haɗin ƙarfe mai tsananin tauri, ya fi su daɗewa, sai dai saiti na kaucewa kaɗan ya ɓantare.

Wani ya taɓa kawo mana mol da takardar D2 har da hatimi, ashe fatarsa ta waje kawai aka taurara, ana wasa bakin sau ɗaya aka faɗo kan ƙarfe mai laushi, kaya suka fara fitowa da ƙaya-ƙaya a gefe kamar bakin zarto. Don haka kar takarda ta ruɗe ka, a gwada taurin da na'ura a gabanka, in babu ko magagari ka goga, in ya ci ƙarfen cikin sauƙi ka san akwai lauje cikin naɗi. Samfurin da za su turo maka ma a kula, wasu da leza suke yankawa su goge su ce mol ne ya buga. Ka ce a ɗora a inji a buga ɗaruruwa kana tsaye, da irin fallenka, don tazarar fanc, wato ƙarfen da ke hudawa, da ramin da yake shiga daga kaurin falle ake lissafa ta, galibi kashi 5 zuwa 10 kowane gefe. Sabon fenti a mol kuma ka kankare ka duba, sau da yawa tsohuwar walda ce aka rufe. A rubuta a yarjejeniya cewa zanen mol ɗin naka ne da fanc na sifiya, in ba haka ba ranar da ɗaya ya karye su za su yanka maka farashi.