Kallon Gwanayen Wasan Bidiyo a Bauchi: Inda Ya Kamata Kuɗinka Ya Tafi

Matasa da yawa a Yelwa da Gwallameji ba su taɓa riƙe PlayStation 5 ba, amma sun san manyan wasannin bidiyo ciki da bai, saboda suna kallon wasu na bugawa a intanet. Kallon nan iri biyu ne, kuma wanda bai bambanta su ba kafin ya shiga kasuwa zai iya sayen abin da ba ya buƙata. Akwai masu bin wasa a tsanake daga farko har ƙarshe, suna tsayawa ana jin labari, wanda a wasa irin God of War Ragnarök na 2022 yakan haura awa 20. Akwai kuma masu tseren kammalawa, waɗanda ke amfani da kurakuran da masu ƙera wasan suka bari domin ratsa bango ko tsallake mataki. Gwanayensu na gama Super Mario Bros. na 1985 a ƙasa da minti biyar, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Kallon masu bin labari yana cin lokaci, na masu tsere kuwa yana buƙatar hoto mai santsi, domin idan hoton na yankewa ba za ka ga dabarar da ka zo kallo ba.

Zaɓin farko shi ne dandali. Twitch, wanda aka buɗe a 2011 kuma Amazon ya saya a 2014, shi ne gidan watsa wasa kai tsaye, kuma a nan ake nuna taron Games Done Quick da aka fara a 2010, inda masu tsere ke shafe mako guda dare da rana suna tara kuɗi domin ƙungiyar likitoci ta MSF da wata gidauniyar rigakafin cutar daji. Daɗinsa shi ne kana gani a lokacin da abin ke faruwa, ba wanda ya san ko ɗan wasa zai kuskure a minti na ƙarshe. Sai dai tsadarsa ba ƙarama ba ce. Mai watsawa da ke tura hoto a kilobit 6,000 kowace daƙiƙa zai cinye maka kusan gigabait 2.7 a awa ɗaya, kuma ƙananan tashoshi ba kullum suke da zaɓin rage ingancin hoto ba, wato ko ka kalla a haka ko ka haƙura. Ga kuma lokaci: muna gaban gabashin Amurka da awa biyar ko shida, saboda haka abin da suka tanada domin yammacinsu yakan faɗo mana bayan ƙarfe sha biyun dare, wanda bai dace da mai tashi sallar Asuba ya wuce aji ko shago ba.

A ganina YouTube ne ya fi dacewa da yawancin masu kallo a nan. Kowane bidiyo yana da zaɓin inganci, kana iya tsayarwa idan netwok ya yi rauni, ka kuma koma baya ka sake duba wurin da ya ba ka mamaki, sannan masu shirya Games Done Quick kansu sukan ɗora wasanninsu a can bayan an watsa. Gajerun bidiyon TikTok da Facebook suna nuna ƙoluluwa ne kawai, ba su nuna yadda aka kai gare ta.

Data ce babbar hidima, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Domin bin labarin wasa a waya, matsakaicin ingancin hoto na 480p ya wadatar, kuma yakan ci kimanin rabin gigabait a awa, wato wasan awa 20 zai lashe kusan gigabait 10. Domin tsere kuwa, gara a zaɓi 720p60, wanda ke nuna hoto 60 a daƙiƙa, ko da yake cinsa ya ninka na 480p fiye da sau biyu. Sauƙin dai shi ne yawancin tsere ba su da tsawo. Wanda ke kallo kullum ya kwatanta tsarin wata da tsarin dare na MTN, Airtel ko Glo, ya kuma kula da sa'o'in da tsarin daren ke aiki.

Game da na'ura, waya ta ishi mutum ɗaya. Idan ka je kasuwar Wunti, ka fi mai da hankali ga batir mai ƙarfin 5,000 mAh da 4G da wadataccen wurin ajiya, kada ka ƙara kuɗi saboda fuska mai 120Hz, wato mai sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, idan kallo kawai za ka yi, tunda bidiyon YouTube ba ya wuce hoto 60 a daƙiƙa. Fawa banki ya fi wannan amfani, sai dai a zafin Maris da Afrilu kallo yayin caji yana sa waya zafi, yana kuma rage wa batir kwana.

Talabijin mai intanet ko akwatin Android yana da daɗi idan 'yan ɗaki za su taru, amma yana jawo wasu sayayya a bayansa: rawuta, wato na'urar raba intanet, da sola ko janareto domin lokacin da aka ɗauke wuta, ga shi kuma yakan zaɓi hoto mafi inganci da kansa idan ba a rage ba, data ta ƙare ba a ankara ba. Laftof na hannu yana tsakiya, kuma ɗalibi zai yi karatu da shi, amma a gwada batirinsa a cire daga caji kafin a biya. Rawuta kuwa, kada a saya sai an ari layin kamfanin an gwada shi a cikin ɗakin da za a yi kallon, da misalin ƙarfe tara na dare, lokacin da kowa a unguwa ke kan layi.