Hunturun Kano da Sanyin Glasgow: Amsa ga 'Yar'uwa Mai Shirin Tafiya

'Yar'uwa, kin ce kin samu gurbin karatu a Glasgow, birnin da ke Sikotland ta ƙasar Birtaniya, za ki tafi a watan Satumba, kuma kina son sanin ko wanda ya saba da hunturun Kano zai iya da sanyin can. Ni ma daga Kano na zo, kuma na ga lokacin sanyi har sau uku a wannan birni, saboda haka zan jera miki su biyun kamar yadda na same su. Suna ne kawai ya haɗa su, amma halinsu daban ne, kuma sabon da kika yi da na gida ba zai ɗauke miki nauyin koyon na nan ba.

Hunturunmu busasshe ne. Iska ce take kaɗowa daga Sahara ɗauke da ƙura, wadda da yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, ta rufe gari da hazo, ta busar da fata, leɓe ya tsage, faso ya fito a diddige. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 12 ko 13, amma kafin la'asar ya kusa 30, har mutum ya cire rigar sanyin da ya fito da ita. Sanyin Glasgow kuwa jiƙaƙƙe ne, kuma ba ya ɗagawa da rana. A watannin Disamba da Janairu yawanci tsakanin digiri 1 da 7 ake wuni, da yayyafi da iska. Birnin yana kusan layi ɗaya da Mosko a doron ƙasa, sai dai ruwan ɗumi da ke gudana a tekun Atlantika yana sassauta masa, shi ya sa ƙanƙara ba ta yawa, ruwan sama ne yake yawa. Don haka rigar ruwa mai hula da takalmin da ruwa ba ya ratsawa sun fi miki laima amfani, domin iska takan kife laima cikin ɗan lokaci. Man kaɗanya dai kada ki baro shi, saboda ɗumin cikin ɗaki ma yana busar da fata.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne rashin rana, kuma a nan ne nake so ki fi mai da hankali. A Kano, komai tsananin hunturu, da ƙarfe 9 na safe za ki ga dattawa sun shimfiɗa tabarma a jikin katanga suna shan hantsi, yara sun tsugunna sun juya wa rana baya, tsofaffin mata sun fito tsakar gida da ƙwaryar aikinsu. Ba wanda yake ƙirga wannan a cikin dukiyarsa, domin kullum yana nan kuma ba a biya. A Glasgow, a ƙarshen Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8:45 na safe, ta faɗi wajen 3:45 na yamma, wato yinin awa 7 ne kacal, kuma ko a cikin awannin nan sau da yawa gajimare ya rufe ta. A ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga ranar kuma duhu yake fara riskar mutum tun yana aji. Sallolin azahar, la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin abin da bai kai awa huɗu ba, alhali a gida tsawon yini bai cika canzawa ba daga wata zuwa wata. A shekarata ta farko na yi makonni ina jin kasala da nauyin zuciya ban gane dalili ba, sai daga baya na fahimci jikina hantsi yake nema. Tun daga lokacin, duk ranar da haske ya keto gajimare, ko na minti ashirin ne, nakan ajiye abin da nake yi in fita in tsaya a cikinsa, kuma ina jin daɗinsa fiye da yadda na taɓa jin daɗin rana a Kano. Hukumar lafiya ta Birtaniya ma tana ba da shawarar shan sinadarin bitamin D a watannin sanyi, musamman ga masu duhun fata irinmu, kuma shawara ce da ta cancanci a bi.

Ta fuskar ɗumama ɗaki kuwa, Glasgow ta fi, amma da tsada. A gida kaskon wuta ne da garwashi, da bargo, da tukunyar ruwa da ake ɗorawa tun kafin kiran sallar farko domin a sirka wa kowa a buta. A nan tukunyar gas ce take dafa ruwa ta tura shi cikin hita da ke jikin bango, kuma ita ce take ba da ruwan zafi a famfo. Har yau, idan na buɗe famfo da asuba ruwan ɗumi ya zubo mini a hannu don alwala, sai na tuna mahaifiyarmu tana hura wuta cikin duhu domin kada mu taɓa ruwan randa, in yi mata addu'a. Sai dai yawancin tsofaffin benayen birnin na dutse ne masu dogon rufi, suna da wuyar ɗumamawa, kuma kuɗin gas yana cin aljihun ɗalibi sosai. Abin da ya fi sauƙi shi ne ki ɗumama jikinki kafin ki ɗumama ɗaki: tufa kan tufa, safa mai kauri, da jakar roba da ake cika wa ruwan zafi a sa cikin bargo kafin a kwanta. Ki riƙa buɗe taga na 'yan mintuna kowace safiya ko da ana sanyi, in ba haka ba danshi zai taru, fumfuna ta fito a bango da cikin kaya. Kuma ina roƙonki, kada ki taɓa kunna gawayi a rufaffen ɗaki, ko don turaren wuta ne mai yawa, domin tagogin nan ba sa barin iska ta fita kamar na gida, kuma iskar da gawayi ke fitarwa tana kisa ba tare da wari ba.

A abinci, Kano ce a gaba, ba gardama. Can kina leƙa ƙofar gida za ki samu koko da ƙosai da zafinsu, mai shayi kuma yana bakin titi tun da sassafe. A nan sai abin da hannunki ya dama. Mutanen Sikotland suna karya kumallo da wani fate na hatsin da ake kira ots, wanda idan kika sassauta shi kika sa citta da kanumfari zai kusanci kunu, kuma shi ya riƙe ni a watannin farko. Ki taho da garin kunu, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa ki bar su, domin doka ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga Najeriya.

Bambanci na ƙarshe shi ne na mutane. Hunturu yana tara mu, a kewaye wuta ana hira, maƙwabci ya shigo ɗiban garwashi ya zauna. Sanyin nan kuwa kora mutane yake cikin ɗakunansu, har ki yi kwana uku ba wanda ya yi miki sallama. Saboda haka dole ki nemi wuraren da ɗumi da jama'a suka haɗu. Babban masallacin Glasgow, wanda aka buɗe a 1984 kusa da kogin Clyde, yana cika ranar Juma'a da mutane daga ƙasashe da dama, kuma gaisuwar da ake yi bayan sallah takan ishi mutum guzurin mako. Ɗakin karatu na Mitchell yana da ɗumi kuma ba a biyan kuɗin shiga. Akwai kuma ɗakunan gilashi a lambun tsirrai da ke yammacin birnin, inda ake renon shuke-shuken ƙasashe masu zafi, nakan je can in zauna rabin awa idan kewar gida ta yi mini yawa.

Idan kika haƙura zuwa watan Maris za ki ga yini ya fara tsawo, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare. A lokacin labule mai kauri za ki nema domin ki samu barci, saboda haka ki sa shi cikin lissafin abin da za ki saya idan kin sauka.