Kasuwar Lahadi ta Zapotek a Tlacolula

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ga bayanin da ka nema kan yadda muke cefane a nan jihar Wahaka, a kudancin Meziko.

Akwai manyan kantuna a cikin birnin Wahaka, amma ni na fi zuwa Tlacolula, wani gari mai nisan kusan kilomita 30 gabas da birnin, inda kasuwa take ci kowace Lahadi. Kasuwannin yankin zagayawa suke yi kamar namu: ta Zaachila ranar Alhamis, ta Ocotlán ranar Juma'a. Yawancin masu kasuwar Tlacolula 'yan ƙabilar Zapotek ne, waɗanda suke zaune a wannan kwari tun kafin zuwan Turawan Sifaniya, kuma galibin masu kasa kaya mata ne da suke saukowa daga ƙauyuka da abin da suka noma da hannunsu. Tumatir da barkono da wake da masara duk sun fi na kanti kyau da araha, kuma idan mai kaya ta saba da kai sai ta yi maka gyara. Sai dai ba a tsananta ciniki a kan abinci. Wajen dardumar ulu ta garin Teotitlán, wadda wasu masaƙa suke rinawa da baba, can ne ake taya kaya sosai.

Suna cin fara, ƙanana ce ba ta kai tamu girma ba, ana soya ta da tafarnuwa da lemun tsami da gishiri. Tsamiya ma tana nan a wadace.

Abin da nake so ka mai da hankali a kai, tunda kana harkar amfanin gona, shi ne zoɓo. Mutanen nan suna shan sa a gidaje da gidajen abinci, kuma abin da ƙasar take nomawa ba ya isar ta, shi ya sa take sayo mai yawa daga Najeriya, musamman na Jigawa da Kano. Na gida, wanda ake nomawa a jihar Gerero da nan Wahaka, ya fi na waje tsada, kuma masu saye suna dubawa da kyau ko akwai ƙasa da tsinke a ciki. Meziko ta taɓa dakatar da shigo da namu saboda ƙwarin ajiya, don haka ina roƙonka ka ja hankalin abokan sana'arka kan shanya a wuri mai tsabta da tsincewa kafin a zuba a buhu.

Wahalarmu ita ce nama da mai. Babu yankan Musulmi a kasuwar, kuma ana shafa kitsen alade a babbar wainar masararsu, ana kuma sa shi a wake, saboda haka dole mutum ya tambaya kafin ya ci. Ni dai nakan sayi kaza ko talotalo da ransa, in yanka a gida.

A gaida Inna da yara.