Notepad++ kafin VS Code: abin da na gani a shagona

Shagona yana Jekadafari a nan Gombe. Da rana buga takardu nake yi, bayan La'asar kuma yara huɗu ko biyar suna zuwa in koya musu haɗa shafin intanet. Duk sabon ɗalibi tambayarsa ta farko ɗaya ce: "Malam, wace manhaja zan sauke?" Shekara biyu ina cewa VS Code ba tare da wani dogon tunani ba. Bana na sauya amsa.

Har gobe ina son VS Code. Microsoft ce ta fito da ita a 2015, kyauta ce, kuma da ita nake yi wa kwastomomi aiki. Ka buɗe sabon fayil na HTML, wato harshen da ake rubuta shafin intanet da shi, ka danna alamar motsin rai, ka buga Tab, sai ga ginshiƙin shafi gaba ɗaya ya bayyana. Ka ƙara mata wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna Live Server, duk lokacin da ka adana aikinka burauza za ta nuna gyaran da kanta. Wanda ya riga ya iya, wannan hutu ne gare shi.

Ga ɗan koyo fa, a nan gizo ke saƙar. 'Yar ƙanwata ta yi wata uku tana zuwa, shafukanta tsaf-tsaf. Rannan aka ɗauke wuta, batirin kwamfutarta ya mutu, sai na miƙa mata takarda da biro na ce ta rubuta min shafi mai kan magana da hoto ɗaya. Ta rubuta layi biyu ta tsaya tana juya biro. Na nuna mata inda ta buɗe h1, wato alamar kan magana, ba ta rufe ba. Ta ce, "Kawu, ai VS Code ce take rufe min." Abin ya tsaya min a rai, domin ni na ɗora ta a kan wannan hanya.

Washegari na zuba wa kowa Notepad++ daga filashina. Wani mai suna Don Ho ne ya fitar da ita a 2003, ita ma kyauta ce, nauyinta 'yan megabait kaɗan, ba ta cin data. Tana yi wa rubutu launi don ka bambance abu da abu, tana nuna lambar kowane layi, amma in ba ka je ka kunna mata ba, ba za ta rufe maka abin da ka buɗe ba. Ka manta, shafin ya karkace, ka bi layi-layi har ka gano. Makon farko sun yi ta ƙorafi. A na uku hannu ya fara faɗawa.

Akwai kuma batun kwamfutocin yaran. Yawancinsu na hannu ne, RAM ɗinsu gigabait 4. VS Code a kan Electron aka gina ta, wato akwai injin burauza a cikinta, don haka in ka haɗa ta da Chrome a tsohuwar na'ura a zafin watan Afrilu, za ka ji fanka tana kuka. Notepad++ kafin ka gyara zama ta buɗe.

Tana da nata naƙasun. Fuskarta ta dā ce, a Windows kawai take aiki, kuma sai ka riƙa komawa burauza kana danna F5 kafin ka ga gyaran da ka yi. Ɗaya daga cikin yaran ba shi da kwamfuta, Acode yake amfani da ita a wayarsa ta Android. Tana yi, sai dai neman alamomi a ƙaramin allo yana gajiyar da shi. Masu kallon tsofaffin bidiyo a YouTube kuwa su kula, manhajar Atom da ake yabawa a ciki an daina kula da ita tun Disamban 2022.

'Yar ƙanwar tawa mako shida ta yi a Notepad++ kafin na mayar da ita VS Code. Yanzu shafin turaren wutan mahaifiyarta take haɗawa, ta kai wajen jera hotunan kwalabe da CSS, wato harshen da ake ƙawata shafi da shi.