Hattara Da Mai Kiran Kansa Wakilin Canyon

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu hawa keken motsa jiki. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan, don ba kowa ke son ya fito ya ce an yi masa wayo ba. Amma shekaranjiya wani abokin hawanmu ya turo mini hoton talla, irin wadda ta ci ni sak, sunan shafin kawai aka canza, yana tambayata ko ya tura kuɗi. Sai na ga idan na ci gaba da yin shiru, da hannuna a ciki.

Ga wanda bai sani ba, Canyon kamfanin kekuna ne da ke garin Koblenz a Jamus, wanda Roman Arnold ya kafa. Abin da ya fitar da sunansa shi ne ba ya bin hanyar da muka saba, ta kamfani ya ba babban dila, babban dila ya ba mai shago, kowa ya ɗora ribarsa. Shafinsa na intanet za ka shiga, ka zaɓa, ka biya, a aiko maka a kwali ka ƙarasa haɗawa da kanka. Ribar 'yan tsakiyar da aka cire ita ce sauƙin kuɗin. Kuma kayan ba na wasa ba ne, Mathieu van der Poel a kan Canyon ya ci gasar duniya ta tseren titi a Glasgow a 2023. Kamfanonin kekuna na Rose a Jamus da Ribble a Ingila su ma kusan haka suke ciniki.

To ka ga wanda zai zo ya ce shi ne dilan kamfanin da ya gina kasuwarsa a kan rashin dila, kuma zai ba ka ƙasa da farashin kamfanin, tun daga nan lissafi ya ƙi. Wannan na gane shi ne bayan kuɗina sun tafi.

A Instagram na ga shafin. Hotuna tsaf, kekuna jere kamar a baje koli, mabiya da yawa, ƙarƙashin kowane hoto mutane na godiya wai kaya sun iso lafiya. Samfurin Canyon mai suna Endurace nake so, ta alminiyam mai kayan giya Shimano 105, wadda a shafin kamfanin ta haura Yuro 1,000 kafin a yi maganar jirgi da kwastan. Shi kuwa abin da ya faɗa bai kai rabin haka ba. Da na tambayi dalili sai ya ce ragowar kayan bara ne ake kwashewa daga sito, saura guda biyu. Daga nan ya ce mu koma WhatsApp. Mutumin akwai ladabi, ba ya fara magana sai da "Yallaɓai", ranar Juma'a har saƙon barka da Juma'a ya turo mini. Ya aiko da takardar biyan kuɗi mai tambarin kamfani a sama, amma lambar asusun da ke ƙasa ta wani mutum ce, sunan ma ba irin wanda yake amsawa ba. Na yi magana, ya ce ai mutumin akawun ofishinsu ne, asusun kamfani yana da matsala a wannan makon. Na tura kashi 60 cikin 100, sauran wai sai kaya sun iso.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne tsawona. Keken tsere kamar takalmi yake, yana da lamba. Shafin Canyon na gaskiya yana tambayarka tsawonka da tsawon ƙafarka daga matsematsi zuwa ƙasa kafin ya nuna maka girman da ya dace da kai, don idan firam ya yi maka yawa ko kaɗan, baya da wuya da gwiwa ne za su biya. Mun yi kwana shida muna magana da mutumin nan, ko sau ɗaya bai tambaye ni tsawona ba. Ni da kaina na ce masa ina ganin M nake hawa, ya ce "daidai, ita ce ma ta rage." Da na ce XL ma ita ce za ta rage.

Bayan mako guda ya turo lambar bibiyar kaya da adireshin wani shafin jigila da ban taɓa jin sunansa ba. Kana saka lambar sai ta nuna kaya sun sauka Legas. Washegari sai ga kira, wai kwastan sun riƙe, a biya kuɗin fito yau ko a fara cajin ajiya. Na biya, cikin wani asusun daban. Kwana uku sai ga kuɗin inshora. A nan ne matata, wadda tun farko take cewa araha ba ta ado, ta ce in ce masa ya kira ni ta bidiyo ya nuna mini kwalin ko keken da ya rage a sito. Ya ce kyamararsa ta lalace. Na ce to ya rubuta sunana a takarda ya ɗora a kan sirdin ya ɗauki hoto da wayar wani. Kafin la'asar ya toshe lambata. Hotunan nasa kuwa, da na saka su a Google Lens, manhajar da ke gano inda hoto ya fito, daga shafin kamfanin aka kwaso wasu, wasu daga tallan masu sayar da na hannu a Turai.

Akwai salo na biyu, kuma a wurina ya fi wannan muni, domin shi kayan suna zuwa. Wani ƙanenmu a tawaga ya saya a wani shafin, aka kawo masa keke baƙi mai sheƙi, an rubuta Canyon ɓaro-ɓaro a jiki, an ce masa na kabon ne, wato abin nan mara nauyi da ake ƙera kekuna masu tsada da shi. Muka raka shi wajen dattijon da ke mana gyara. Baba bai ce komai ba, ya ɗaga keken da hannu ɗaya ya ajiye, ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar lasifika ya kai jikin firam, sai ji muka yi ƙas, ya manne. Kabon da alminiyam ba sa kama maganaɗisu. Ya kife keken ya duba ƙarƙashin inda feda ke juyawa, wurin da aka saba samun lambar firam, babu komai sai fenti. Ya ƙirga faifan haƙoran giya na tayar baya, bakwai. Shimano 105 na shekarun nan 11 ne ko 12. Ya sa farce ya ɓanɓare gefen rubutun, ashe sitika ce. Ya ce, "Ɗana, wannan ai gara Raleigh ɗin babanka." Muka ɗora shi a sikelin mai sayar da gas na kusa, ya haura kilo 14, alhali keken tsere na kirki tsakanin kilo 7 zuwa 9 yake. Asarar kuɗi daban, amma ka tuna a kan wannan abin yaro zai gangaro da gudu a titin da tirela ke bi, da birkin da ba wanda ya san inda aka ƙera shi.

Don haka kafin ka tura ko sisi, rubuta canyon.com da hannunka, kada ka bi ta mahaɗin da wani ya turo, domin akwai shafukan bogi masu ƙara harafi ɗaya ko kalmar rangwame a sunan. Duba a can ko suna aikowa ƙasar da kake, ka ga farashin da idonka. Idan wani ya ce shi wakili ne, aika wa kamfanin saƙo ka tambaya. Idan ya ce yana da rajista a Najeriya, ana iya binciken sunan kamfani a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kuma sunan asusun da za ka biya ya zama shi ne sunan da ke rajistar. Kuɗin kwastan ba a asusun wani mutum ake zuba shi ba. In kuwa na hannu za ka saya, wanda ba laifi ba ne kuma da yawanmu shi muke hawa, ka nemi takardar sayen farko, lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta firam, ka je da mai gyara, ka hau ka zagaya, sannan a yi maganar kuɗi.

Wanda ya riga ya tura, kada kunya ta sa ya kwana. Ka je bankinka a ranar da shaidar turawa da hotunan hirarku, ka nemi su tuntuɓi bankin da kuɗin suka shiga, sannan ka kai ƙorafi EFCC ko sashen 'yan sanda mai kula da laifukan intanet. Ni sai da na yi kwana huɗu ina fatan zai buɗe ni kafin na je, lokacin an riga an kwashe. Shafin da ya cuce ni ya ɓace, amma wanda aka turo mini shekaranjiya yana nan, da hotuna iri ɗaya, kuma har yanzu saura guda biyu.