Kiran waya kan cututtukan dabbobi: saƙon ciwon saifa bai gamsar da ni ba

Tsarin da ke kiran mai kiwo a waya ya yi masa bayani da Hausa ya fi rubutaccen saƙo nesa ba kusa ba. Ƙaramar waya mai madannai ta isa, ba ruwanka da data, wanda bai yi boko ba ma zai ji da kunnensa. Bayanin bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari kuma take kama mutane, ya burge ni: a tafasa madara kafin a sha, kada a ɗauki mahaifa ko ɗan da saniya ta yi ɓarinsa da hannu haka nan, a sa leda a hannu a binne su.

Saƙon ciwon saifa ne ya ɓata mini rai. Cuta ce (anthrax a Turance) da aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja cikin Yulin 2023, amma abin da muryar ke ta nanatawa shi ne kada a ci naman dabbar da ta mutu. Haba jama'a, wa ke cin mushe a cikinmu? Haɗarinmu yana bakin wuƙa. Saniya ta faɗi tana shure-shure, mai ita ya yi maza ya yanka don gudun asara, a feɗe, a kasa nama da araha. Da zarar jinin ya sha iska, ƙwayar cutar sai ta yi ɓawo ta lafe cikin ƙasa shekara da shekaru, mahauci da majemi kuwa ta ɗan rauni a hannu take shigarsu. Ko sau ɗaya ba a ce kada a yanka ba.

Alamomin ma a gurguje aka faɗe su, alhali su ne makamin mai kiwo: mutuwar farat ɗaya, baƙin jini ta hanci da baki da dubura wanda ba ya daskarewa, ciki ya kumbura nan da nan, gawa ba ta sandare ba. Irin wannan ba a buɗe ta. Rami mai zurfin mita 2 ake haƙawa, a binne ta da fatarta har da ƙasar da jinin ya jiƙa. Rigakafin kuma sau ɗaya ne a shekara, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, Jihar Filato, ake haɗa allurar.

Ga shi kiran da rana tsaka yake shigowa, lokacin da makiyayi ke daji babu sabis, kuma ba a sake kira. Sai a ce ka nemi likitan dabbobi mafi kusa, ba lamba, ba sunan gari. In ba a gyara saƙon saifa an maido kiran bayan magariba ba, ba zan ce wa kowa ya dogara da shi ba.